Takobin Sarki Gojiyan

Tun kafin mutane su iya narka baƙin ƙarfe, da tagulla suke yin makamai. Sai su haɗa jan ƙarfe da kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, su narka su tare, su zuba a cikin mazubi. In ya huce a wasa, ga takobi.

Yau ba mai fita yaƙi da irin waɗannan takubba, amma attajirai masu sha'awar kayan da suna sayensu da kuɗi mai yawa, su jera a gida. Ni dai wannan ciniki bai kwanta mini ba, ga kuwa dalilina.

Wajen shekara ta 1928 aka fara ganin kayan tagulla na ƙasar Luristan, a yammacin Iran, a kasuwannin Turai. Mutanen ƙauye ne suke tone tsofaffin kaburbura suna sayar wa dillalai. Ba wanda ya rubuta inda aka sami kowane takobi, ko abin da ke kwance kusa da shi. Waɗansu dillalan ma sukan ɗauki ruwan wannan takobi su liƙa masa ƙotar wancan, don ya yi tsada. Ka riƙe irinsa ka yi ta juyawa, ba zai gaya maka na wane ne ba. Ya zama bebe.

To, ku dubi wani kuma. A shekara ta 1965 masana suna haƙa wani kabari a lardin Hubai na ƙasar Sin, suna rubuta kome da kome, sai suka tarar da takobi cikin kubensa na itace. Da aka zare shi, sai ga shi yana ƙyalli, da kaifinsa, bayan ya kwana a ƙasa shekara fiye da dubu biyu! Kuben ne ya kama shi gam, iska ba ta shiga. Tsawonsa kamar inci 22 ne. Maƙeran sun yawaita kuza a bakinsa don kaifi, suka yawaita jan ƙarfe a jikinsa don kada ya karye. Kai, mutanen da ba su rasa dabara ba.

A jikinsa akwai rubutu, kalma takwas, mai nuna na Gojiyan ne, Sarkin Yuwe, wanda ya hau sarauta shekara 496 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin mamaki, kabarin ba a ƙasarsa yake ba, a ƙasar Cu yake. Me ya kai shi can? Waɗansu masana sun ce ganimar yaƙi ce, waɗansu suka ce cikin kayan auren wata gimbiya ya tafi. Da ɓarawo ne ya tone shi da dare, ko tambayar ba za mu san a yi ba.

Shi ma bai tsira sarai ba. A 1994 aka kai shi nuni Singafo, wani ma'aikaci ya buge shi wajen fitarwa, ya ɗan tsage a baki. A 2013 gwamnatin Sin ta sa shi cikin kayan da ba a fita da su waje. Yana gidan kayan tarihi na lardin Hubai a birnin Wuhan, a bayan gilashi, 'yan makaranta suna zuwa kallo.