Darussa Huɗu a Bakin Karofin Ƙofar Mata

Duk wanda ya san Kano ya san Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala. A nan marinar da ta fi kowace suna a birnin take, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, wato a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Mu 'yan aji biyu ne a jami'a, kuma kwas ɗinmu irin wanda ke haɗa fannoni ne: tarihi, kimiyya, tattalin arziki da harshe duk a digiri ɗaya. Saboda haka aka tura mu marinar, aka ce mu dawo da rahoto guda.

Fili ne cike da ramuka a jere, kowane zurfinsa ya fi tsayin mutum. Kafin ka ga komai, warin baba ne zai tarbe ka. Marina na zaune a bakin ramukan, suna tsoma zane suna ɗagawa, wasu hannayensu sun rine har wuyan hannu. Daga gefe kuma kana jin ƙarar mabuga, masu dukan zanen da aka rina har sai ya yi sheƙi.

Darasin farko na kimiyya ne. Mun lura zane na fitowa daga rami da launin kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi. Dalili shi ne, shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Sai an haɗa baba da toka an bar su kwanaki sun ruɓa, ƙananan halittun da ido ba ya gani su sauya shi ya narke ya shiga zare. Da iskar oksijin ta taɓa shi, sai ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa marini ke tsomawa yana ɗagawa sau da yawa.

Na biyu tarihi. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Har gobe Buzaye na alfahari da rawanin turkuɗi.

Na uku tattalin arziki, kuma shi ne mai ɗaci. Ramuka da yawa sun bushe, wasu ƙasa ta cike su. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, irin wanda yau ake rina wandon jins da shi. Ga kuma yadudduka masu araha daga Sin sun cika Kantin Kwari, wadda ba ta da nisa da marinar.

Na huɗu harshe. Kalmomi irin su karofi, katsi da laso suna rayuwa ne muddin sana'ar na raye. Ran da aka rufe rami na ƙarshe, su ma sun kama hanya.

Abin da muka fahimta shi ne, mai son farfaɗo da wannan marina ba zai iya da fanni ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙannenmu, mun san tun daga SS1 ake raba ku: kimiyya, adabi ko kasuwanci. Mun kuma san tambayar da ake yi mana a gida: “To in kun gama, me za ku zama?” Wasu ma gamin gambiza suke kiran karatunmu. Gaskiya ita ce, mai son zama likita ko injiniya ya bi hanyarsa kai tsaye. Amma aikin jarida, tsara manufofin gwamnati, kula da gidajen tarihi da kafa sana'a suna neman mai iya duban matsala ta fuskoki da yawa. Tsarin ya fi yaɗuwa a Amurka, amma Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola da Jami'ar Ashesi ta Gana suna binsa. Sai dai ku shirya wa karatu da rubutu mai yawa.

Kafin lokacin cike fom ɗin JAMB, ku gwada kanku. Ku je wajen maƙeri, majemi ko mai ginin tukwane a garinku, ku ƙirga darussan makaranta nawa ne ke ɓoye a cikin aikinsa.