Dogon Hutu a Maroko

Idan makarantun Maroko suka rufe a farkon bazararsu, ba kowane ɗalibi ɗan Najeriya ko Nijar ne ke komawa gida ba. Kuɗin jirgi ya yi tsada, wani kuma iyayensa ne ke cewa ya dakata, su za su zo. Ta haka ake samun ayarin da ya haɗa mahaifi da mahaifiya, da ƙanne ɗaya ko biyu, da abokan karatu waɗanda su ma ba su tafi gida ba. Ɗalibin shi ne jagora, shi ne ma'aji, shi ne tafinta. Tafintar ma ba ƙaramin aiki ba ce, domin Larabcin titi da suke kira Darija ya sha bamban da na littafi. Ya haɗiye wasula, ya kwaso kalmomin Faransanci da na harshen Amazig, wanda tsarin mulkin 2011 ya mayar harshen hukuma tare da Larabci.

Ƙasar tana kusurwar arewa maso yammacin Afirka, Tekun Atlantika a yamma, Bahar Rum a arewa, duwatsun Atlas sun ratsa ta tsakiya. Mutanenta sun kusa miliyan 37. Ta karɓi 'yancinta a 1956, kuma sarki ke mulkinta, Muhammadu na Shida, wanda ya hau gado a 1999. Fadar mulki tana Rabat, amma jirgin da ya taso daga Legas ko Yamai a Kasablanka yake sauka. Birnin kasuwanci ne mai cunkoso, kwana ɗaya ya ishe shi: a je a yi salla a Masallacin Hasan na Biyu, wanda aka gama a 1993, hasumiyarsa ta haura mita 200, wani sashensa kuma a kan ruwan teku aka kafa shi. A nan ne amfanin abokai ke fara bayyana. Ƙaramar tasi ba ta ɗaukar fiye da mutum uku, doka ce, don haka ayarin mutum takwas sai ya kasu mota uku, kowace mota tana bukatar mai jin harshen direba.

Daga nan ake fara ja-in-ja. Samari teku suke so, da jirgin ƙasa mai gudu, da filayen ƙwallo, musamman tun da 'yan wasan ƙasar suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2022. Manya kuwa magana ɗaya ce a bakinsu: yaushe za a tafi Fas? Ni ina bayan manya. Wanda ya zo Maroko daga ƙasar Hausa ya ba Fas yini ɗaya kawai, ya cuci kansa.

Tafiyar kusan awa huɗu ce a jirgin ƙasa. Tsohon birnin ya haura shekara dubu da ɗari biyu, kuma mota ba ta shiga cikinsa. Lunguna ne dubbai, wasu mutum biyu ba sa iya jerawa, jakai da alfadarai ke dakon kaya har yau. A tsakiyarsa ne masallacin Alƙarawiyyin yake, wanda wata mata mai suna Fatima al-Fihri ta gina da dukiyar gadonta a shekarar 859, ya zama makarantar da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya. Abin da ke kama zuciyar baƙo Bahaushe shi ne karatun da zai ji bayan sallar Magariba. Mutane ke zama su karanta izu guda da murya ɗaya, haka kuma bayan Asuba, su sauke Alƙur'ani duk wata. Da ruwayar Warshu suke yi, irin wadda aka biya wa mahaifinsa a makarantar allo. Ya buɗe Mus'hafinsu ya ga fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda alarammomin tsangaya ke rubutawa. Mazhabar ma ta Imamu Malik ce. Dattijon da ya kasa gane maganar mai tasi, a nan ba ya bukatar tafinta. Yana zama yake bin baki.

Littattafan zaure da yawa daga wannan gari suka fito. Mai Ajurumiyya, wadda kusan kowane ɗalibin nahawu ke farawa da ita, mutumin Fas ne, a nan ya rasu a 1323. Ibn Ashir mai waƙen fiƙihu shi ma ɗan garin ne. A nan kuma Hasan al-Wazzan ya tashi, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Kusa da Alƙarawiyyin akwai zawiyyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya, ya rasu a Fas a 1815, kabarinsa yana cikinta. Ranar Juma'a da yamma wurin yana cika da mutanen Senegal da Mali da Najeriya da Nijar, har mutum ya ji ana gaisawa da Hausa a bakin ƙofa. Mai ɗariƙa don wannan ya biya kuɗin jirgi. Wanda ba ya ɗariƙa ma ya kamata ya ga inda abin da ya cika masallatan Kano da Zinder ya samo tushe.

Akwai kuma majemar Shuwara, inda ake jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da kashin tattabara kafin a rina ta. Warin yana da ƙarfi har masu shaguna kan miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya kara a hanci. Ya kamata ɗalibin ya gaya wa abokansa cewa da yawa daga fatar da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, ta jar akuyar Sakkwato ce, an jeme ta a ƙasar Hausa, fatake suka ratsa Sahara da ita.

Daga Fas sai birnin Marrakesh, inda zafin watan Agusta kan wuce maki 40, shi ya sa ake fita da sassafe ko bayan La'asar. Dandalin Jami'ul Fana da dare yana cika da masu gashi da masu tatsuniya da masu wasa da maciji, kuma duk wanda ka ɗauki hotonsa zai nemi kuɗi. Ciniki sai an ja. Farashin farko ba farashi ba ne, mahaifiyar ɗalibin kuwa ta fi kowa iya wannan ko da ba harshe. Makaɗan Ginawa, jikokin baƙaƙen da aka kai can a zamanin cinikin bayi, suna kaɗa wata garaya mai tsirkiya uku, kuma masana sun daɗe suna danganta al'adarsu da bori. Nesa kaɗan da hayaniyar akwai kaburburan malamai bakwai na garin. Cikinsu akwai Alƙali Iyad mai Ashafa da ake karantawa a watan azumi, da Shehu Jazuli mai Dala'ilul Hairati. Ƙauyukan kan dutse da ke kudu da birnin su ne girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, ta kashe mutum kusan 3,000.

Samari ma sai a ba su haƙƙinsu. Jirgin Al Boraq da aka buɗe a 2018 yana kai gudun kilomita 320 a awa, ya haɗa Kasablanka da Tanja cikin awa biyu da 'yan mintuna. Tanja ce mahaifar Ibn Battuta, wanda ya isa Takedda ta Nijar ta yau a 1353, har ya ambaci Gobir. Daga gaɓar Tanja ana hango tuddan Sifen, mashigin tekun da ke tsakaninsu bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. Wannan kusanci ne ke tara matasa baƙar fata daga ƙasashenmu a dazuzzukan arewacin ƙasar suna jiran kwalekwale, kuma da yawa sun halaka a ruwan. Saboda su ne ake yi wa baƙo baƙar fata kallon tuhuma a wasu unguwanni, ɗan sanda ya tsayar da shi, wani lokaci yaro ya jefe shi da kalmar da ba ta da daɗi. Ɗalibin ya riga ya saba, shi ya sa katinsa na zama ba ya barin aljihunsa. Wajibi ne ya shaida wa iyayensa tun kafin su taso, kowa kuma ya riƙe fasfonsa a jikinsa duk inda za a je.