Zuwa ga Auta, mai shirin tafiya Jahun



Innarki ta faɗa mini tun da sunanki ya fito a kwalejin kiwon lafiya ta Jahun kike kumbure-kumbure, wai ƙawayenki za su yi likitanci a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ke kuwa an bar ki da "aikin lab". Na rubuta wannan a fili ne don sa'o'inki masu irin wannan tunani suna da yawa.

Ki leƙa asibitin Rasheed Shekoni da hantsi, ki ga layin masu riƙe da takardar gwaji. Likita ya duba su, ya yi zato, amma yana jiran wanda zai ɗebi jini ya tabbatar masa ko zazzaɓin cizon sauro ne. A babban asibitin garin da za ki, ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Matar da jini ya ɓalle mata, ba a ɗaura mata leda sai an gwada rukunin jinin, an tabbatar ba ya ɗauke da cutar hanta ko ƙanjamau. In mai gwajin ya yi sakaci, ƙwarewar likita ba za ta cece ta ba.

Haka abin yake wajen dabbobi. Kakanki bai taɓa ambatar cutar bushiya ba sai ya yi salati, don garke guda take kwashewa. A 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya, kuma ƙafar malaman dabbobi ce ta yi aikin, ruga-ruga, da allura cikin akwatin ƙanƙara. Har gobe su ne ke duba huhun saniya a mayanka kafin nama ya shiga kasuwa.

Albashin ba zai sa ki gina bene ba, wuta za ta ɗauke, kayan gwaji su ƙare. Wannan duk da sauƙi. Abin da nake ji miki shi ne ranar da wani zai zo, wataƙila ma ɗan uwanmu, ya ce an riga an kai lefe, ki taimaka ki mayar da AS ta koma AA don kada aure ya fasu. Zai haɗa ki da Allah, zai ambaci sunana. Ki tuna in AS ta auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila, kuma yaron da zai kwana yana kukan ciwon ƙashi ba ya wurin balle ya roƙe ki. Ki ba shi haƙuri, in ya matsa ki turo mini shi.

Abin da idonki bai gani ba, kada hannunki ya rubuta. Ki shirya kayanki, ni zan kai ki tasha.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Dutse