Doka Ma Tana da Adireshi



A gidajenmu da yawa, daga Ƙofa zuwa Kiru, har Tudun Wada da Doguwa, ɗalibi shi ne mai karanta takarda. Da zarar takardar gwamnati ta shigo gida sai ka ji an ce, "Ku kira wance, ai ita ce 'yar boko." Turancin yakan karantu, amma akwai wasu gutsattsarin haruffa da lambobi da akan tsallake, alhali a nan ainihin maganar take.

Ga misali: s. 28 LUA, Cap. L5, LFN 2004. Ni na ɗauke shi kamar adireshin gida ne, sai dai daga ƙarshe ake faro shi. LFN na nufin Dokokin Tarayyar Najeriya, wato kundin da aka tattara dokokin ƙasa a ciki. 2004 kuwa shekarar tattarawar ce, dokar kanta ta girme ta. Cap. babi ne a cikin kundin, L5 kuma lambar babin. LUA ita ce Dokar Amfani da Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo. Ƙaramin s. sashe ne. Idan kun ga ss., sassan sun fi ɗaya. Lambar da ke biyo baya a cikin baka ƙaramin sashe ce.

Me ya sa na zaɓi wannan dokar? Mu da muke zaune kusa da madatsar ruwa ta Tiga da babban titin Kano zuwa Zariya mun san aikin gwamnati yakan ratsa gonakin mutane. Akwai ranar da kawuna, manomin masara, ya miƙo mini takarda mai ɗauke da wannan layi, hankalinsa a tashe. Na kai wa malaminmu na darasin gwamnati, muka buɗe dokar a wayarsa. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a. Muka ci gaba zuwa sashe na 29, sai ga maganar diyya a kan gine-gine da amfanin gona. Na koma na ce, "Kawu, dokar da ta ba da ikon karɓa, ita ce kuma ta ce a biya." Da wannan ya san abin da zai tambaya da ya je ofis.

Akwai wasu da ya kamata mu riƙe. CFRN 1999 shi ne Kundin Tsarin Mulkin Tarayyar Najeriya na 1999. A jadawalinsa na farko aka jera ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, har da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida kuwa, s. 39 CFRN namu ne, domin shi ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. C of O takardar shaidar mallakar fili ce. No. lamba ce, para. kuma sakin layi.

Shawarata ita ce kowa ya ware shafi ɗaya a bayan littafinsa, duk taƙaitaccen sunan da ya gani a takardar hukuma ya rubuta shi tare da ma'anarsa. Idan an kawo maka takarda, bi adireshin har ka ga sashen da idonka, ka karanta na gabansa da na bayansa. Inda ya shige maka duhu, tambayi malami. In maganar gona ce ko gida, a nemi lauya kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.