Camaro: Masana Sun Yaba, Masu Saye Sun Juya Baya



Da yawanmu a fim muka fara ganin Chevrolet Camaro, motar nan ruwan ɗorawa da ke rikiɗewa ta koma Bumblebee a Transformers na 2007. A lokacin ma babu sabuwa a kasuwa, don General Motors sun dakatar da ƙera ta tun 2002. Fim ɗin ya tayar wa Amurkawa da tsumi, aka dawo da ita a 2009. A 2011 an sayar da sama da 88,000 a Amurka. A 2021 ba a kai 22,000 ba. Gaskiya ƙarancin kayan lantarkin mota ya taɓa kowa a shekarar, amma ita ta daɗe tana gangarowa kafin nan. A Maris 2023 kamfanin ya sanar zai daina ƙera ta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cinikin ya faɗi ne daidai lokacin da motar ta fi kyau. Samfurin 2016 ya fi na baya rashin nauyi, ya fi shi iya shan kwana, har mujallar Motor Trend ta ba shi kambun motar shekara.

To, masu gwaji kwana kaɗan suke yi da mota su mayar. Wanda ya saya da kuɗinsa, shi zai zauna da ita shekara da shekaru. Tagoginta 'yan tsirit ne, rufin ya sauko, direba na ciki tamkar mai leƙe ta kafar ƙofa, ga wuyar ganin baya. Kujerar baya kuwa sunanta kujera, babba ba ya sakewa a kai. Bakin but ɗin ma ya matse, sai an yi dabara babban akwati ke shiga. A 2019 suka sauya mata fuska, jama'a suka yi ta tsiya, a 2020 suka sake gyarawa.

Wasu na ɗora laifin duka a kan yadda Amurkawa suka koma sayen jif-jif da a-kori-kura. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban gamsu ba, saboda Dodge Challenger. Ita wannan daga 2008 har zuwa 2023 ta yi ta tafiya da kusan siffa ɗaya, ga nauyi, kuma a wajen kwana Camaro ta fi ta nesa ba kusa ba. Amma tana da fili, magidanci zai ɗauki iyalinsa da kayansu. A 2018 ta wuce Camaro a ciniki, a 2021 har Ford Mustang ta doke.

A ganina, injiniyoyin Camaro sun fi sauraron 'yan tsere da marubutan mujallu fiye da mutumin da zai fita da ita cefane. (Mu da muke rubutu don burge junanmu mun san wannan ciwon.) Kuma da yawa daga cikin masu kuɗin sayen irin wannan mota dattawa ne da suka yi sha'awarta tun suna samari. Gwiwar ɗan shekara sittin ba ta son yawan durƙuso kafin a shiga mota.