Gafakar Wannan Zamani

Bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, malamai sun taho da littattafansu a cikin gafaka. Littafin da aka kwafa hannu da hannu ya fi tsira, wanda kuwa yake kwafi ɗaya tak, gobara ɗaya ta ishe shi.

Mu jikokinsu na ƙauyukan Managil mun ga wannan darasi da idonmu. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, 'yan'uwa suka iso mana da kayan jikinsu kawai. Takardar hawasha, da shaidar makaranta, da lambar ɗan ƙasa, da hotunan iyaye, duk sun tsaya a baya. Wanda ya ɗauki hotonsu ya ajiye a waje biyu shi ne ya sami abin nunawa.

A yau gida ɗaya na iya haɗa wayar Android, da iPhone ɗin ɗa da ke Jidda, da kwamfutar ɗalibi mai Windows ko Linux. Wace manhaja ce za ta sa abin da aka ajiye a ɗaya ya bayyana a sauran?

Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive da iCloud 5 kowannensu, Dropbox 2. Amma yawan wuri ba shi ne ma'auni ba. iCloud ba ya da manhajar Android, Google Drive ba ya da tasa ta Linux, sai dai a buɗe su ta shafin intanet. Dropbox yana aiki a kan dukkansu, sai dai rumbunsa ƙarami ne. Kuma dukkansu bayin shabaka ne. Ba mu manta Fabrairun 2024 ba, lokacin da Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, kowa ya zauna da waya kamar dutse a hannu.

Syncthing kuwa kyauta ce, ba ta kai kayanmu rumbun kowane kamfani. Tana haɗa waya da kwamfuta kai tsaye, ko da Wi-Fi ɗin gida babu intanet a cikinsa. Rauninta shi ne ba ta da manhajar kanta a iPhone, kuma idan na'urorin biyu suna ɗaki ɗaya, ɓarawo ɗaya zai kwashe su.

Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na farko, daidaita fayiloli ba ajiya ba ce: abin da yaro ya goge a waya zai goge ko'ina, kuma kwandon Google kwana 30 kawai yake riƙe shi. Na biyu, asusun da aka ɗaura a kan layin waya ɗaya yana iya rufuwa ranar da layin ya ɓata, sai a rubuta lambobin ceto a takarda.

Saboda haka mu yi zaɓi domin ranar tsanani, ba domin ranar da shabaka ke cike ba. Takardu masu muhimmanci su hau Google Drive, a ba ɗan'uwa amintacce da ke wata ƙasa izinin gani. Waya da kwamfuta su daidaita a gida. Kwafi na uku ya zauna a katin memori, nesa da wayar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a nan ƙin tashin ne muguwar rawa: mu fara yau, da takardar hawasha.