Tambayar da Ummi ta yi mini a bakin teku

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina zirga-zirga tsakanin Badun da Kwatano, ina saro atamfa da leshi. Amma in ka ce in ba ka labarin garin, iyakaci in ce maka ga Kasuwar Tokpa, ga masaukina a Zongo, ga masallacin da nake sallah. Idon ɗan kasuwa yana kan lissafi, ba ruwansa da kallon gari.

Uwargida ce ta tayar da zancen bayan ƙaramar sallah. Ta ce, "Malam, yaran nan kullum sai dai tsaraba? Ka kai su ko sau ɗaya mana, su ma su ce sun fita waje." Na yi ta kawo uzuri, ga tsada, ga limancin da nake riƙe wa babban liman in ba ya nan. Ƙarshe dai aka yi takardu da katin rigakafi, muka kama hanya mu biyar: ni da ita, da Abba mai shekara 11, da Ummi mai 8, da Auta mai 4.

Wanda bai taɓa tafiya da ƙananan yara ba, kada ya ce ya san hanya. Tsakanin Ikko da iyakar Seme, Abba ya yi ta ƙidaya shingayen masu kaki har lissafi ya ɓace masa, Auta kuwa ya yi amai sau biyu, ɗaya a kan babbar rigata. Da muka shiga Kwatano suka ga 'yan acaba kowa da riga ruwan ɗorawa, gajiya ta tafi. Abba ya gwada Turancinsa na makaranta a kasuwa, ba wanda ya kula shi. Ummi ce ta cece mu da Yarbanci, har wata mai lemo ta yi mata gyara.

Mai masaukina ne ya ce in kai su Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Farko aka nufi da mu ɗakin tsafin da ake ajiye mesa, wanda ke fuskantar wani babban coci. Na ce ni dai a'a, limami da rawani a gidan macizai? Muka wuce, Abba yana ta ƙunƙuni.

Daga nan muka ɗauki ɗan rakiya mai jin Yarbanci, ya bi da mu hanyar da ake kora bayi daga dandalin da ake cinikinsu zuwa bakin teku, wajen kilomita 4. Ya nuna mana inda ya ce akwai wata bishiya da ake sa maza su zagaya sau 9, mata sau 7, wai don su manta garinsu. A ƙarshen hanyar akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa, suna ce mata ƙofar da ba a dawowa. Bayanta ba komai sai rairayi da ruwa.

Abba ya tambaya ko akwai Hausawa cikin waɗanda aka kwashe. Mutumin ya ce ƙwarai, da yawa an kai su Bahiya a ƙasar Barazil. Ya ce a watan azumin 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, sun yi tawaye a can, sanye da fararen riguna, da layu masu rubutun Larabci a jikinsu. Wallahi sai na ji kaina ya yi girma. Na dubi yaran na ce, kun ji ko, namu ba su yarda sun bar addini ba.

Ina cikin wannan sai Ummi ta ja hannun rigata. Ta ce, "Baba, to wa ya kawo su nan tun daga garinsu?"

Amsa mai sauƙi tana bakina, in ce Turawa, mu tafi mu sha lemo. Yarinya ce, za ta yarda. Amma Bature a bakin ruwa yake jira da jirginsa. Masu kamowa da masu korowa baƙaƙe ne, sarakunan Dahomi da na Oyo da wasunsu, kuma mu ma na arewa hannunmu bai fita ba. Wanda ya san Kano ya san an sayar da mutane a Kasuwar Kurmi. Ni kaina na tashi na tarar da labarin wata tsohuwa a gidan kakana, wadda ta yi renon mahaifina, ana ce mata Baba ta ƙofa. Kowa ya san sayenta aka yi tana yarinya. Na karanta babin 'yanta bawa a Risala tun ina saurayi, na kuma karantar da shi a zaure ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa haɗa shi da wannan tsohuwa ba sai ranar, da 'yata mai shekara 8 a tsaye a gabana.

Na tsuguna na ce mata, "Mutane irinmu ne suka kawo su, Ummi. Wasu ma suna sallah kamar yadda muke yi. Har a gidanmu an taɓa sayen wata." Uwargida ta harare ni, alamar me ya kai ka. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba. Ita tana ganin yarinyar ta yi ƙanƙanta da irin wannan magana. Ni kuma ina ganin in na yi mata ƙarya a wurin, ranar da ta gano, sauran abin da nake koya mata ma sai ta sa masa alamar tambaya.

Muka shimfiɗa darduma a kan rairayi muka yi azahar da la'asar ƙasaru. Auta ya ga igiyar ruwa ta taso, ya ruga ya maƙale uwarsa, Abba yana ta dariya. Ummi ba ta ce komai ba sai da muka shiga mota, sannan ta tambaye ni sunan tsohuwar na gaskiya, wanda uwarta ta raɗa mata.

Da muka dawo Badun na bugo wa gwaggona a Kano, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga tsohuwar da ido. Ta yi shiru, ta ce ita ma Baba ta ƙofa ta sani. Abin da take tunawa shi ne tsagen fuskarta ba irin namu ba ne, kuma in tana daka takan yi wata waƙa da wani yare da ba mai ji a gidan. Ummi ta karɓi wayar ta ce, "Gwaggo, ki ɗan yi mini ita." Gwaggo ta ce ta manta.